Yadda Za Ka Fara Sauraren Kundayen Neil Young Ba Tare da Ka Ɓata a Hanya Ba

Neil Young ya fitar da kundin waƙa na situdiyo sama da 40 tun daga ƙarshen shekarun 1960, ban da waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a, ban da kuma tsofaffin da yake ta zaƙulowa daga ma'ajiyarsa. Wanda ya buɗe sunansa yau a manhajar sauraren kiɗa zai tarar da jerin da ba ya ƙarewa, kuma babu abin da zai nuna masa inda ƙofa take. Haɗarin a fili yake. Mutum zai iya faɗawa kan kundin da mawaƙin ya yi yana cikin makoki, ko wanda ya yi da gangan don ya kauce wa abin da ake tsammani daga gare shi, ya saurari waƙa biyu, ya rufe, ya ce ashe wannan ne ake ta zuzutawa. Na ga hakan ya faru da mutanen da na tabbata da sun shiga ta wata ƙofar da sun zauna, shi ya sa nake ganin tsarin farawa ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla.

Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu. A cikin Neil Young akwai mawaƙa biyu. Akwai mai zama shi kaɗai da jitar katako, ko a gaban fiyano, yana rera waƙa a hankali kamar yana yi wa mutum ɗaya magana. Akwai kuma mai rataya jitar lantarki ya tsaya tsakiyar ƙungiyarsa Crazy Horse, su yi ta ruri minti goma a kan waƙa guda. Duk tsarin da zan ba ka an gina shi ne a kan ka haɗu da su biyun da wuri, ka gane wanda ya fi kwanta maka, sannan ka bar shi ya kai ka wajen ɗan'uwansa.

Kafin ka danna komai

An haife shi a Toronto ta ƙasar Kanada ranar 12 ga Nuwamban 1945, ya yi samartakarsa a Winnipeg. A 1966 ya tuƙa tsohuwar motar ɗaukar gawa daga Kanada zuwa Los Angeles, inda shi da Stephen Stills da wasu suka kafa ƙungiyar Buffalo Springfield. Bayan ta watse ya kama aikinsa shi kaɗai, yana kuma shiga yana fita a haɗakar Crosby, Stills, Nash & Young. Wannan tarihin ya ishe ka a yanzu, sauran zai zo tare da kundayen.

Sai ka shirya wa muryarsa. Siririya ce, tana can sama, tana rawa, wani lokaci ma tana ɗan zamewa daga kan sautin. A jin farko mutane da yawa ba sa sonta. Kada ka yanke mata hukunci kafin ka ji kundi guda sau uku. Abin da ake fara ɗauka rauni ne shi ne daga baya yake sa ka yarda da duk abin da yake faɗa, domin murya ce da ba ta iya ɓoye halin da mai ita yake ciki.

Ka kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. An tsara waɗannan kundaye ne don faifan garmaho mai gefe biyu, kowane gefe kusan minti ashirin, kuma inda aka ajiye kowace waƙa yana da dalili. Ka kuma duba wane bugu ka buɗe, domin wasu daga cikin tsofaffin kundayen suna da bugun cika shekara 50 da aka ƙara wa waƙoƙi. A karon farko ka tsaya inda na asali ya tsaya.

Mataki na farko: After the Gold Rush, 1970

Nan za ka fara, ko da wani ya ce maka Harvest ya fi shahara. Waƙoƙi 11 ne a cikin kusan minti 35, an ɗauki mafi yawansu a ɗakin ƙasa na gidansa da ke Topanga a jihar Kalifoniya. Dalilin zaɓensa shi ne mawaƙan nan biyu duka suna ciki, kuma babu wanda ya danne wani.

Ga yadda za ka yi da shi. Ji na farko, ka bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe, kada ka karanta komai, kada ka tsayar. Ji na biyu, a wata rana dabam, ka buɗe baitocin a gabanka kana bi, musamman idan Turancin waƙa yana yi maka sauri. Ji na uku ka mai da hankali kan kayan kiɗan kaɗai.

A ji na ukun nan akwai wurare biyu da nake so ka tsaya. Na farko waƙa ta biyu, wadda kundin ya ci sunanta. Babu ganga a cikinta ko kaɗan. Fiyano ne da murya, sai can tsakiya wani ƙaho mai taushi ya shigo ya yi ɗan zagayensa ya fita. Mafarki yake ba da labari, a hawa uku, daga zamanin da ya wuce zuwa wanda zai zo, kuma damuwarsa da yadda ɗan Adam ke lalata ƙasa, wadda bai daina magana a kanta ba har tsufansa, tana nan tun a lokacin. Na biyu waƙa ta huɗu, Southern Man. Bayan waƙoƙi uku masu sanyi sai kawai jitar lantarki ta faso da fushi, yana tuhumar kudancin Amurka kan bautar da baƙar fata da wariyar launin da ta biyo baya. Ka saurari fiyanon da ke ƙarƙashi yana dukan wuri ɗaya, sannan ya ninka sauri idan jita ta ɓalle. Nils Lofgren ne ke kaɗa shi, yana ɗan shekara 18, kuma shi makaɗin jita ne wanda bai saba da fiyano ba. Haka Neil Young yake aiki: ya fi son ɗanyen hannu mai rai a kan gwanintar da ta yi sumul. Wannan waƙar da wata mai suna Alabama su ne ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ta mayar wa martani a 1974, har ta ambaci sunansa.

Da ka gama, ka tambayi kanka tambaya ɗaya: wace waƙa ce ka koma wa ba tare da an ce ka koma ba? Idan Only Love Can Break Your Heart ce ko Birds, hanyarka ta sanyi ce. Idan Southern Man ce ko When You Dance I Can Really Love, ta ƙara ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amsar ce za ta nuna maka wanda za ka fara ɗauka a mataki na biyu, amma duka biyun za ka ji.

Mataki na biyu: kundi guda daga kowane ɓangare

Na ɓangaren sanyi shi ne Harvest, wanda ya fito a Fabrairun 1972 ya zama kundin da aka fi saya a Amurka a shekarar. Ya fara ɗaukarsa a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri na karkarar Amurka, lokacin da ya je don fitowa a shirin talabijin na Johnny Cash. Yana fama da ciwon baya a lokacin, tsayuwa da jitar lantarki mai nauyi tana yi masa wuya, wannan na cikin abin da ya sa kundin ya fito a natse. A nan Heart of Gold take, waƙarsa ɗaya tilo da ta hau mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka, James Taylor da Linda Ronstadt suna yi masa amshi a ƙarshenta. A nan Old Man take, wadda ya rubuta wa dattijon da ke kula da gonar da ya saya a arewacin Kalifoniya. Ka kasa kunne ga jitar Ben Keith, irin wadda ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe, tana jan sauti kamar kuka daga nesa.

Gaskiya Harvest ba duka ya yi daidai ba. Waƙoƙi biyu da aka yi da babbar ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra sun yi nauyi fiye da abin da baitocin za su ɗauka, musamman There's a World. Idan ba su shige ka ba, ba laifin kunnenka ba ne. Wadda ba za ka tsallake ba ita ce The Needle and the Damage Done, minti biyu kacal, shi da jita a gaban jama'a, yana magana kan yadda muguwar ƙwayar heroin ke cinye mutanen da yake ƙauna. Ka riƙe ta a zuciya, za ka buƙace ta a mataki na huɗu.

Na ɓangaren ƙara shi ne Everybody Knows This Is Nowhere na 1969, na farko da ya yi da Crazy Horse: Danny Whitten a jita, Billy Talbot a bes, wato jita mai kaurin murya, Ralph Molina a ganguna. Waƙoƙi bakwai ne kawai. Shi da kansa ya ce uku daga cikinsu, Cinnamon Girl da Down by the River da Cowgirl in the Sand, ya rubuta su yana kwance da zazzaɓi mai zafi. Biyu na ƙarshen kowacce ta kai minti tara zuwa goma, kuma a nan ne sabon mai sauraro yake gajiya idan ba a faɗa masa abin da zai nema ba.

Abin nema shi ne wannan. Ka sa abin sauraro na kunne biyu, ka buɗe Down by the River. Jita ɗaya tana kunne guda, ɗayar tana ɗaya kunnen. Whitten yana sara gajere-gajere, yana canza inda yake saukar da hannu, Young kuma yana amsa masa, wani lokaci da sauti guda da yake maimaitawa har sai ya ishe shi. Bes da ganga ba sa gaggawa, ba sa ado, suna riƙe da ƙasa kawai. Hira ce tsakanin mutum biyu. Idan ka bi ta a haka, minti taran za su wuce ba ka sani ba. Jitar da yake kaɗawa a nan, Gibson Les Paul ƙirar 1953 da aka shafa wa baƙin fenti, ita ce dai yake riƙe da ita shekaru sama da hamsin bayan haka.

Mataki na uku: Rust Never Sleeps, 1979

Yanzu da ka san mawaƙan biyu, ga kundin da ya raba musu gida a fili: gefen farko jitar katako, gefe na biyu Crazy Horse da dukkan ƙarfinsu. An ɗauki mafi yawansa a gaban jama'a a 1978, sannan aka rage hayaniyar 'yan kallo a situdiyo. Waƙar da ta buɗe shi ita ce ta rufe shi, da ɗan bambancin baiti, farko a hankali, ƙarshe da jita mai gurnani kamar lasifika za ta yage. Lokacin kiɗan punk, wani salon rok mai kaushi na matasa, ya taso a Ingila da Amurka, matasa suna cewa mawaƙan shekarun 1960 sun tsufa sun ƙoshi, Elvis Presley kuma ya mutu a 1977. Yawancin tsararsa sun ji haushin matasan. Shi ya ɗauki maganarsu da muhimmanci, har ya ambaci Johnny Rotten, mawaƙin ƙungiyar punk ta Sex Pistols, a cikin waƙar.

Idan za ka ba waƙa guda lokaci na musamman a nan, ka ba Powderfinger. Labarin saurayi ne ɗan shekara 22 da manyan gidansu ba sa nan, ga jirgin ruwa ɗauke da bindiga yana tahowa ta kogi, ya rasa wanda zai tambaya, ya ɗauki bindigar mahaifinsa. Shi ne yake ba da labarin, bayan ya riga ya mutu. Ba a faɗa maka wane zamani ba ne, ba a faɗa maka su wane ne a jirgin ba, kuma rashin faɗar ne ya sa take zama a rai. A ganina babu waƙar da ta fi ta nuna cewa mutumin nan marubuci ne kafin ya zama makaɗi.

Wanda ya tsaya a waɗannan kundaye huɗu ya san Neil Young sanin da zai iya magana a kansa. Abin da ke gaba ya fi wuya, kuma a wurina ya fi daraja.

Mataki na huɗu: kundayen makoki, kuma kada ka yi gaggawar shigarsu

A ƙarshen 1972 Young yana shirin zagayen wasanni bayan nasarar Harvest, ya kira Danny Whitten ya shiga cikin makaɗan. Shaye-shaye ya riga ya ci ƙarfin Whitten, ya kasa riƙe waƙoƙin a wajen gwaji. Aka ba shi tikitin jirgi da dala 50 aka mayar da shi Los Angeles. A daren ranar, 18 ga Nuwamba, ya mutu bayan ya haɗa ƙwaya da giya. Watanni kaɗan bayan haka, a 1973, Bruce Berry, wanda ke ɗaukar musu kayan kiɗa yana haɗawa, shi ma ƙwaya ta kashe shi. Mutumin da duniya ke jira ya sake yin wani Harvest sai ya juya mata baya. Daga baya ya rubuta a bayanin da ke jikin tarin waƙoƙinsa Decade cewa Heart of Gold ta ajiye shi a tsakiyar titi, tafiya a nan ta gundure shi, sai ya gangara cikin kwatami. Daga wannan maganar masoyansa suke kiran kundaye uku da suka biyo baya kundayen kwatami: Time Fades Away na 1973, On the Beach na 1974, da Tonight's the Night wanda aka ɗauka a 1973 amma bai fito ba sai 1975.

Kada ka bi su bisa tsarin fitowarsu. Ka fara da On the Beach, domin shi ne ya fi sauƙin shiga. Gefensa na farko yana da waƙoƙin da za ka iya kamawa nan take, kamar Walk On. Gefe na biyu waƙoƙi uku ne masu tafiyar hawainiya, na mutumin da ya gaji da shahara, ya gaji da 'yan jarida, zamansa da masoyiyarsa yana rushewa, yana kallon yadda burin matasan shekarun 1960 ya ƙare a zamanin shugaban Amurka Nixon. Ka ji wannan gefen da dare, kai kaɗai, ba kana wani aiki ba. Ambulance Blues da ta rufe shi ta kusa minti tara, kuma ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya. Shekaru da yawa kundin ba ya samuwa a kasuwa, sai a 2003 aka fitar da shi a faifan CD, amma duk da haka masoyansa ba su daina ambatonsa cikin mafi kyawun ayyukansa ba.

Bayan shi sai Tonight's the Night. Wannan zaman makoki ne da aka kunna wa na'urar ɗauka. Sun taru a wani ɗakin gwaji a Hollywood, suna farawa da tsakar dare bayan sun sha sun yi tatul, suna kaɗawa don tuna mutum biyun da suka rasa. Za ka ji murya tana fashewa, za ka ji ya matso kusa da makirufo fiye da kima ko ya yi nisa da shi, za ka ji amshin ya kauce. Ba a gyara ko ɗaya ba. Waƙar farko ta ambaci Bruce Berry da sunansa, ta faɗi aikinsa da yadda labarin mutuwarsa ya iso ta waya. Can a tsakiyar kundin kuma sai aka saka wata waƙa da aka ɗauka a 1970 a zauren Fillmore East na New York, Danny Whitten ne ke jan ta da muryarsa, yana da rai, yana da ƙarfi. Idan ka riga ka san shi daga Down by the River, ka kuma san The Needle and the Damage Done, wannan wurin zai taɓa ka ta yadda ba zai taɓa wanda ya faɗo kundin daga sama ba. Dalilin da ya sa na dage kada ka fara da shi ke nan, ko da ka ji masana suna cewa shi ne gwarzon aikinsa. Ina cikin masu cewa haka, amma sai da sanin mutanen ake jin zafin rashinsu.

Time Fades Away ka bar shi sai daga baya. Sababbin waƙoƙi ne da aka ɗauka a zagayen wasannin da ya biyo bayan mutuwar Whitten, kuma shi kansa ya daɗe yana nesanta kansa da shi.

Ka fita daga wannan mataki ta Zuma na 1975, inda Crazy Horse ta dawo da sabon makaɗin jita, Frank Sampedro. Cortez the Killer tana nan, a kan zuwan Sifaniyawa ƙasar Meziko, kuma sai an wuce minti uku ana kiɗa kafin ya buɗe baki.

Mataki na biyar: tsallake shekarun 1980, ka sauka a 1989

Wannan shawara ce ta ɗan lokaci. A 1982 ya koma kamfanin Geffen ya yi Trans, inda ya bi da muryarsa ta cikin na'urar da ke mayar da ita kamar ta mutum-mutumi. Bayan shi ya yi kundin kiɗan rok irin na shekarun 1950, sannan na kantiri zalla. Tun kafin na kantirin ya fito, kamfanin ya maka shi kotu a 1983 yana neman sama da dala miliyan 3, bisa zargin yana yin kiɗan da bai yi kama da nasa ba, kafin daga baya a sasanta. Ba da waɗannan ake fara sanin mutum ba.

Trans kaɗai nake roƙon ka koma wa wata rana. An haifa masa ɗa a 1978 da lalurar ƙwaƙwalwa da ta hana shi magana, shi da matarsa Pegi suna shafe sa'o'i kowace rana suna yi masa atisaye. Muryar nan da ba a gane abin da take faɗa, uba ne yake gwada yadda abin yake idan kana magana ba a fahimtar ka. Masu sauraro a lokacin ba su san haka ba, domin bai yi bayani ba. Daga wannan halin ne kuma aka kafa makarantar Bridge School a 1986 don yara masu irin wannan lalura.

Inda za ka sauka shi ne Freedom na 1989, mai ɗauke da Rockin' in the Free World. Daga nan hanya ta sake rabuwa biyu kamar yadda ka saba. Mai son ƙara ya ɗauki Ragged Glory na 1990, wanda aka ɗauka a gonarsa, Crazy Horse suna kaɗawa cikin nishaɗi, waƙoƙi biyu a ciki sun kai minti goma-goma. Wannan sautin ne ya sa aka riƙa kiransa uban kiɗan giranj, salon su Nirvana da Pearl Jam, har ya yi kundi guda da Pearl Jam a 1995. Mai son sanyi ya ɗauki Harvest Moon na 1992. Ƙarar wasannin 1991 ta bar masa ciwon kunne, dole ya koma kiɗa mai laushi, sai ya sake tara yawancin mutanen da suka yi Harvest shekara ashirin baya, har da Ronstadt da Taylor. Waƙoƙin na mutumin da ya daɗe da aure ne, ba na saurayi mai nema ba. A waƙar da kundin ya ci sunanta, ka saurara da kyau ƙarƙashin jitar, za ka ji shara ake yi da tsintsiya a kan bugun kiɗan.

Tunda maganar kunne ta zo: kada ka ƙure sautin abin sauraronka a kan kundayen Crazy Horse. Wanda ya yi su ma bai tsira ba.

Tambayar da kowa ke yi: me zai hana in ɗauki tarin fitattun waƙoƙinsa kawai?

Babu laifi idan lokacinka kaɗan ne. Greatest Hits na 2004 yana da waƙoƙi 16, har da Ohio, wadda ya rubuta bayan dakarun tsaron jihar Ohio sun harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State ranar 4 ga Mayun 1970 a zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. Sai dai babu ko waƙa ɗaya daga kundayen makoki a cikinsa, wato an cire maka tsakiyar labarin. Decade na 1977 ya fi shi nesa ba kusa ba: waƙoƙi 35 da shi da kansa ya zaɓa, tun daga Buffalo Springfield, kowacce da ɗan bayani da rubutun hannunsa. Ni dai na fi son ka ɗauke shi bayan mataki na uku, lokacin da za ka iya gane daga wane kundi kowace waƙa ta fito da abin da ke kewaye da ita.

Idan ka kai nan

Sauran hanyar kai za ka zaɓa, amma ga inda zan tura ka. Live at Massey Hall 1971, wanda bai fito ba sai 2007, wasa ne da ya yi shi kaɗai a Toronto a Janairun 1971, yana ɗan shekara 25. Yana gabatar da Old Man a matsayin sabuwar waƙa ga mutanen da ba su taɓa jin ta ba, zauren ya yi tsit. Duk wanda har yanzu yake shakkar muryar, wannan ne zai raba masa gardama. Comes a Time na 1978 ɗan'uwan Harvest ne mai fara'a. Sleeps with Angels na 1994 ya fito ne bayan Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ya kashe kansa ya bar wasiƙar da ta ɗauko baiti daga Rust Never Sleeps, abin da ya girgiza Young ƙwarai. Prairie Wind na 2005 ya yi shi ne a shekarar da aka yi masa aiki a jijiyar ƙwaƙwalwa, mahaifinsa kuma ya rasu. Living with War na 2006 adawa ce kai tsaye da yaƙin Iraƙi. Homegrown kuwa an ɗauke shi tsakanin 1974 da 1975, ya ɓoye shi saboda ya yi masa kusa da zuciya, sai a 2020 ya sake shi, don haka wurinsa yana gefen On the Beach.

Shafinsa na intanet, Neil Young Archives, ya jera ayyukansa bisa shekarun da aka ɗauke su, wanda yake da amfani sosai ga mawaƙin da kan ɗauki kundi ya ajiye shi shekara arba'in. Duk lokacin da ka ci karo da wani kundi da ba ka sani ba, ka fara duba abu biyu: shekarar da aka ɗauke shi, da ko sunan Crazy Horse yana jikin bangon. Su za su gaya maka wanne daga cikin mawaƙan biyu za ka tarar. Idan kuma Psychedelic Pill na 2012 ne ya faɗo hannunka, ka tabbata kana da lokaci kafin ka danna, domin waƙar farko kaɗai ta haura minti 27.